Tashar da babu ma'aikaci ko ɗaya: me ya hana a rufe Berney Arms?

Aminu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar al'amuran jiragen ƙasa. Tambayata a kan wata 'yar ƙaramar tasha ce mai suna Berney Arms, wadda take cikin fadamun Norfolk a gabashin Ingila. Hukumar da ke sa ido kan layin dogo a Birtaniya takan fitar da ƙididdigar fasinjojin kowace tasha duk shekara, kuma a ƙididdigar 2019 zuwa 2020 wannan tasha ce ta zo a ƙarshe, domin shiga da fita 42 kacal aka rubuta mata.

Babu mai sayar da tikiti a wurin, babu shugaban tasha, babu mai gadi, kuma babu titin mota da ya isa gare ta. Wanda ke son zuwa sai dai ya hau jirgin ƙasa, ko ya taka da ƙafa ta cikin fadama, ko ya biyo kogin Yare da kwalekwale. Dandamalin ma gajere ne, bai kai tsawon jirgin da ke tsayawa a gefensa ba. Abin da nake so masana su warware mini kashi biyu ne. Na farko, wane dalili ne ya sa aka gina tasha tun asali a inda babu gari? Na biyu, tun da har kamfani ya ga cewa wurin bai cancanci a ajiye masa ma'aikaci ko ɗaya ba, me ya hana a rufe ta gaba ɗaya a huta? A tunanina, tashar da aka kwashe wa ma'aikata tasha ce da ke jiran ranar mutuwarta, amma ga wannan ta haura shekara 180 tana nan.

Malam Habu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Kafin a shiga tarihi, ya kamata a fara gyara fahimtar wannan adadi na 42, domin shi kaɗai yana iya ɓatar da mai karatu. Shekarar ƙididdigar tana farawa ne daga Afrilu ta ƙare a Maris, kuma reshen layin da tashar take kai, wato tsakanin Reedham da Great Yarmouth, a rufe yake tun daga Oktoba 2018 har zuwa ƙarshen Fabrairu 2020 saboda aikin sabunta sigina. Ke nan makonni kaɗan ne jirgi ya bi ta wurin a waccan shekara, kuma a ƙarshen makonnin ne dokar zaman gida ta annobar korona ta fara aiki. A shekarun da suka gabaci rufewar, adadin yakan yi kusa da dubu ɗaya a shekara. Wannan ma kaɗan ne ƙwarai, amma ba irin ƙarancin da kanun labarai suka nuna ba.

Game da asalinta, an buɗe tashar ne a 1844 tare da layin Yarmouth zuwa Norwich, wanda shi ne layin dogo na farko a Norfolk. Masu shimfiɗa layin sun zaɓi bin kwarin kogin Yare saboda ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta buƙatar fasa tsauni ko haƙa rami, sai dai hanyar ta ratsa ta filin wani mai arzikin ƙasa, Thomas Trench Berney. Shi kuma ya yarda ya sayar, bisa sharaɗin cewa za a gina tasha a wurin kuma za ta dawwama. Daga sunan zuriyarsu ne wani masauki da ke bakin kogi ya samo sunansa, tasha kuma ta ara daga masaukin. Irin wannan ciniki ba baƙon abu ba ne a wancan zamani, domin kamfanin da ke gaggawar shimfiɗa layi ya fi ganin sauƙin yi wa mai ƙasa alkawarin tasha a kan ya tsaya jayayya da shi a gaban majalisa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni sha'awa. Bayan 'yan shekaru sai kamfanin ya daina tsayar da jirage a wurin, yana mai kafa hujja da cewa alkawarin da ya ɗauka na gina tasha ne, ba na tsayar da jirgi a cikinta ba. Wannan wayo bai yi masa amfani ba, domin maganar ta kai ga shari'a, kuma a ƙarshe dole jirage suka koma tsayawa. Duk wanda ya taɓa karanta takardar yarjejeniya ya san irin wannan dabara ta laɓewa a bayan lafazi a bar manufa, kuma da wuya ta ƙare da daɗi.

Kada kuma a ɗauka cewa wurin ya kasance kufai tun fil azal. A ƙarni na 19 akwai mutane da ke zaune a wannan yanki: masu kula da shanun da ake kiwo a fadama, masu kula da injinan iska da ke janye ruwa daga filaye, da ma'aikatan wata masana'antar siminti da ke bakin kogi. Dogon injin iskan nan da ake hangowa daga tasha an gina shi ne wajajen 1865 domin niƙa kayan haɗa siminti, daga baya aka mayar da shi na janye ruwa, ya ci gaba da wannan aiki har 1948. Ga waɗannan iyalai jirgin ƙasa ne hanyar kasuwa da makaranta da asibiti, har gidan waya ma a gidajen tashar yake kafin a rufe shi a shekarun 1960. Da injinan lantarki da na dizal suka karɓi aikin janye ruwa, sai buƙatar mutum ya kwana a fadama ta kau, iyalai suka yi ta ƙaura ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin wannan ma, a 1883, an buɗe wata hanya mafi gajarta zuwa Yarmouth ta garin Acle, wadda ta ɗauke yawancin jirage, ta bar reshen Berney Arms a matsayi na biyu.

Yau masu sauka a wurin galibi masu yawon ƙafa ne da masu kallon tsuntsaye, domin fadamun da ke kewaye da Breydon Water, faffaɗan ruwan da kogin Yare ke shiga kusa da Yarmouth, matattara ce ta dubban tsuntsayen ruwa a lokacin sanyi. Shi ya sa jiragen da ke tsayawa ranar Lahadi sukan fi na ranakun aiki yawa, abin da ba a saba gani a sauran tashoshi ba.

Injiniya Sabo ya rubuta:

Malam Habu ya ƙosar da mu a kan tarihi, Allah ya ƙara sani. Ni zan tsaya ne a kan kashi na biyu na tambayar, domin a ganina akwai wani zato a cikinta da ya kamata a kwance, wato zaton cewa ma'aikatan ƙaramar tashar karkara saboda fasinja aka ajiye su. A mafi yawan wurare ba haka ba ne. Saboda jiragen kansu aka ajiye su, da kuma kaya.

A layi mai hanya ɗaya, inda jirgin da ke tafiya da wanda ke dawowa suke bin ƙarfe guda, babbar matsala ita ce tabbatar da cewa jirage biyu ba su shiga yanki ɗaya suna fuskantar juna ba. Wannan layi na Norwich zuwa Yarmouth da muke magana a kai yana cikin na farko-farko da suka dogara da wayar tangaraho domin wannan aiki, kuma a kansa ne, a Thorpe kusa da Norwich, jirage biyu suka yi taho-mu-gama a daren 10 ga Satumba 1874, mutum 25 suka rasu, sakamakon rashin fahimta tsakanin jami'an da ke ba da izinin tashi da mai buga waya. Bayan wannan hatsari ne Edward Tyer ya ƙirƙiro na'urarsa ta faifan izini, wadda ya yi wa rajista a 1878. Na'urori biyu ne a bakin yankin nan da can, an haɗa su da wayar lantarki, kuma ba za a iya zare faifai fiye da ɗaya daga cikinsu a lokaci guda ba. Direban da ba ya riƙe da faifan ba shi da ikon shiga. Tsari ne mai kyau, amma yana buƙatar mutum a kowane baki, dare da rana, ko akwai fasinja ko babu.

A ƙara da sauran ayyukan: juya layi da hannu, kunna fitilun sigina masu aiki da mai, buɗe da rufe ƙofa a inda hanya ta ƙetare layin dogo, auna kaya da rubuta takardunsu, loda madara da dabbobi da kwal, da karɓar jakunkunan wasiƙu. Sayar da tikiti shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ayyukan. Da manyan motoci suka ƙwace dakon kayan karkara, aka kuma samu hanyar sarrafa sigina daga nesa, sai ya zamana babu abin da ya rage wa ma'aikacin tasha sai tikitin, wanda kwandasta zai iya sayarwa a cikin tarago. Siginonin wannan yanki a yanzu daga Colchester ake sarrafa su, gari mai nisan gaske daga fadamar.

Nan ne zan saɓa wa Malam Aminu kai tsaye. Kwashe ma'aikata ba shi ne matakin farko na rufewa ba. A wurare da yawa shi ne abin da ya hana rufewar. Rahoton Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, na 1963 ya ba da shawarar a rufe tashoshi 2,363 da layi mai tsawon kimanin mil 5,000, bisa hujjar cewa kuɗin da ake kashewa a kansu ya ninka abin da suke kawowa. Wasu manajoji, musamman Gerard Fiennes wanda ya shugabanci shiyyar gabas, suka ce ba layin ne ke da tsada ba, yadda ake tafiyar da shi ne. Suka rage tashoshi zuwa dandamali da 'yar rumfa, suka mayar da sayar da tikiti cikin jirgi, tsarin da ya bazu a gabashin Ingila daga 1967. Sannan dokar sufuri ta 1968 ta ba gwamnati damar tallafa wa layukan da ba sa kawo riba amma jama'a na buƙatarsu. Tashar da ba ta biyan albashi, a kan layin da jirgi zai bi ko da ita ko babu ita, abin da take ci bai wuce gyaran dandamali da allon suna da 'yan daƙiƙun tsayawa ba. Rufe ta kuwa, a ƙarƙashin dokar layin dogo ta 2005, sai an yi shelar jin ra'ayin jama'a na aƙalla mako 12, an kuma samu amincewar hukuma. Sau da yawa barin ta ya fi rufe ta arha.

Hajiya Rabi ta rubuta:

Na karanta bayanin Injiniya da kyau, kuma ta fuskar lissafin kamfani ba ni da ja. Sai dai lissafin bai ƙunshi kowa ba. Idan an cire ma'aikaci daga tasha, aikinsa bai ɓace duka ba, wani kaso ne aka ɗora wa fasinja ba tare da an tambaye shi ba. Mai keken guragu da ke buƙatar a shimfiɗa masa matakala, makahon da ke son a gaya masa ko jirgin da ya tsaya nasa ne, tsohuwar da ba ta iya sayen tikiti ta waya ba, da matar da ke jiran jirgin ƙarshe ita kaɗai bayan faɗuwar rana, duk waɗannan sun san bambancin tasha mai mutum da marar mutum. A Berney Arms wannan ba babbar damuwa ba ce, tun da mai zuwa can ya riga ya shirya wa tafiyar ƙafa a fadama. Damuwar tana kan tashoshin ƙauyukan da har yanzu akwai jama'a a cikinsu. Da aka kawo shawarar rufe yawancin ofisoshin sayar da tikiti na Ingila a 2023, martanin da aka samu ya kai kimanin 750,000, kuma a watan Oktoba na shekarar aka janye shawarar. Wannan ya nuna cewa mutane ba su ɗauki ma'aikacin tasha a matsayin mai miƙa tikiti kawai ba.

Ba na kuma so mu tafi da tunanin cewa kwashe ma'aikata kullum yana ceton tasha, domin Japan ta nuna akasin haka. A can tashoshin da babu ma'aikaci suna da yawa ƙwarai, kuma an tsara musu hanya: fasinja ya shiga ta ƙofar baya, ya zari 'yar takarda mai lambar tashar da ya hau, in zai sauka ya biya a akwatin da ke kusa da direba. Duk da wannan sauƙi, kamfanin jiragen tsibirin Hokkaido ya yi ta rufe irin waɗannan tashoshi a shekarun nan, saboda a ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufe dandamali watanni da dama, tashar da ba ta da ma'aikaci ma sai an biya mai share ta. Tashar Kyu-Shirataki ta Hokkaido, wadda aka fara tsayawa a cikinta a 1947, an rufe ta a Maris 2016. Ita ce wadda labarinta ya zagaya intanet cewa an bar ta a buɗe ne saboda ɗaliba ɗaya har ta gama makaranta. Gaskiya ne akwai ɗalibar da ke hawa a can, amma watan Maris shi ne lokacin da kamfanonin jiragen Japan ke sauya jadawalinsu, shi ne kuma lokacin kammala karatu, don haka an ƙara wa labarin gishiri.

Wadda ta tsira ita ce Koboro, da ke maƙale tsakanin bakunan ramuka biyu a gefen teku, inda ita ma babu titin da ya kai gare ta. Kamfani ya so rufe ta, sai ƙaramar hukumar Toyoura ta ɗauki nauyin kuɗin kula da ita daga 2016, saboda baƙin da take jawowa. A tashar Kishi kuma, da aka kwashe ma'aikata a 2006, kamfanin ya naɗa wata kyanwa mai suna Tama shugabar tasha a Janairu 2007, masu zuwa kallonta suka ƙara wa layin fasinja. Abin dariya ne a ido, amma ma'anarsa ita ce a duk inda irin wannan tasha ta rayu, za a tarar akwai wani da ya tsaya mata, ko hukumar gari, ko 'yan sa-kai masu share ta da dasa furanni, ko kuma tsohuwar yarjejeniya irin ta Berney.

Aminu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Habu da Injiniya da Hajiya. Saura abu biyu da suka shafi yadda ake gudanar da ita a aikace. Idan babu ma'aikaci, ta yaya direba yake sanin akwai mai hawa ko mai sauka? Sannan wa ya ƙirga mutanen nan 42, tun da babu ƙofar shiga balle mai tsaron ta?

Injiniya Sabo ya amsa:

Malam Aminu, Berney Arms tana cikin tashoshin da jirgi ba ya tsayawa sai an nema, kuma irinsu sun haura ɗari a Birtaniya. Mai son sauka yakan gaya wa kwandasta tun da wuri, shi kuma ya sanar da direba. Mai son hawa yakan tsaya a inda za a hango shi a kan dandamali, ya ɗaga hannu sosai idan jirgi ya doso. Direba dole ne ya rage gudu a duk lokacin da jadawali ya nuna zai iya tsayawa, ta yadda in ya ga mutum zai iya taka birki ba tare da ya wuce ba; in bai ga kowa ba sai ya ƙara wuta. Saboda gajartar dandamalin, ba dukkan ƙofofi ake buɗewa ba, don haka akan gaya wa mai sauka ɓangaren jirgin da zai koma. Wannan rage gudu yana cin mai da lokaci ko da babu fasinja, shi ya sa a layin arewacin Sikotland aka fara kafa na'urori a 2022, tun daga tashar Scotscalder, inda fasinja zai danna maɓalli saƙo ya isa wa direba ta rediyo tun yana nesa.

Ƙididdigar kuwa ba ta kawunan mutane ba ce, ƙiyasi ne da ake ciro mafi yawansa daga bayanan tikitin da aka sayar. Tikitin zuwa da dawowa ana lissafa shi fita ɗaya da shiga ɗaya, don haka 42 ɗin na iya zama mutum 21 ne suka je suka dawo. Wanda ya sauka da tikitin yawo na yini guda, wanda ba ya ɗauke da sunan tasha, ba lallai ne ya bayyana daidai a lissafin ba, haka nan wanda ya sayi tikiti don ajiyewa kawai bai taka wurin ba zai iya bayyana. Wannan na ƙarshen yana faruwa, domin duk tashar da aka ayyana a matsayin ta ƙarshe masu sha'awar jirage sukan yi mata tururuwa a shekara mai zuwa, adadinta ya tashi, wata kuma ta gaji matsayin. A kan maganar Hajiya Rabi, na yarda cewa lissafin da na kawo ya fi dacewa da inda jirgi zai bi ta layin ko da tashar ko babu ita. Inda layin kansa ne ke cikin haɗarin rufewa, kamar wasu rassan Hokkaido, arhar tasha ɗaya ba ta isa ta tsare shi ba.